Amsoshin Wasiƙunku: Ciniki da Sayar da Abinci a Filin Jirgin Sama

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, biyu daga Abuja, ɗaya daga Jos, kuma dukkansu sun taɓo yadda ake neman kuɗi a filin jirgin sama ta hanyar kantuna da wuraren cin abinci. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da gidan abinci a Gwarimpa, shekara shida ke nan ina sayar da tuwo da shinkafa da masa da farfesu, kuma alhamdu lillahi ana samu. Duk lokacin da na yi tafiya ta jirgi sai in tarar da robar ruwan da muke sayarwa a gari ta ninka kuɗinta har sau uku, shi ya sa raina ya biya in nemi wuri a filin jirgin Abuja. Shin ribar ta kai yadda ake hangenta, kuma ta ina ake farawa? Daga wata mai karatu a Gwarimpa, Abuja.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka. Kafin ki saki reshe ki kama ganye, ya kamata ki san hannu nawa ne ke jiran kuɗin robar ruwan nan kafin abin da ya rage ya shiga aljihun mai kanti, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Filin jirgi yana samun kuɗinsa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce abin da jirage da fasinjoji ke biya saboda tafiyar kanta, kamar kuɗin sauka, da na ajiye jirgi, da kuɗin hidimar fasinja wanda ake cusawa cikin tikiti. Ta biyu ita ce duk abin da ya saura: hayar kantuna, da gidajen abinci, da wurin ajiye motoci, da allunan talla, da ɗakunan hutawa na manyan baƙi. Alƙaluman ƙungiyar filayen jirage ta duniya sun nuna cewa kafin annobar korona wannan ƙofa ta biyu tana kawo kusan kashi 40 cikin ɗari na kuɗin shigar filayen jirage a faɗin duniya. Kuɗin ƙofar farko hukuma ce ke sa masa ido, kuma kamfanonin jirage kan yi ca duk ranar da aka taɓa shi, saboda haka idon masu filin yakan koma kan mai kanti. Ke nan tun kafin ki ɗora tukunya kina da abokin tarayya a cikin cinikinki.

Yarjejeniyar da aka fi yi a manyan filayen jirage ta bambanta da hayar shago da kika saba da ita a gari. Mai filin yakan karɓi wani kaso na duk abin da aka sayar, sannan a yanka wani mafi ƙarancin kuɗi da dole ne ki biya a shekara ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma wanda ya fi yawa a cikin biyun shi ake biya. A wasu wuraren hayar fili ce zalla, gwargwadon faɗinsa, tare da kuɗin wuta da shara da tsaro. Ko wacce aka miƙo miki, layin da ya fi cancantar ki karanta sau uku shi ne na wannan kuɗin dole.

Bari in buga misali da lissafin da na ƙaddara kawai don a fahimta. A ce mutum 3,000 ne ke wucewa ta gaban shagonki a yini, ɗaya cikin goma ya tsaya, kowanne ya kashe naira 4,000. Cinikin yini ya zama naira miliyan 1.2, na wata miliyan 36. Ki cire miliyan 14 na cefane, da miliyan 7.2 na mai fili idan kasonsa kashi 20 ne, da miliyan 8 na albashi da wuta da zirga-zirgar ma'aikata, sai a bar ki da abin da ya kusa miliyan 7. Wannan ya yi kyau a takarda. To, a ce jirage sun ragu, ciniki ya koma rabi, wato miliyan 18. Cefane zai sauko zuwa miliyan 7, amma albashi da wuta suna nan a miliyan 8, kuma idan kuɗin dolen da kika sa wa hannu miliyan 6 ne a wata, kin tashi da asarar miliyan 3. Irin wannan ya faru a gabanmu: a shekarar 2017 an rufe filin jirgin Nnamdi Azikiwe na tsawon mako shida domin gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da jiragen zuwa Kaduna, sannan a 2020 korona ta tsayar da jiragen cikin gida har zuwa watan Yuli, na ƙasashen waje kuma sai a Satumba. Saboda haka ki nemi a rubuta a fili cewa idan an rufe filin, ko aka mayar da fasinjoji wata ƙofar da ba taki ba, za a dakatar da kuɗin dole ko a rage shi.

Akwai kuma ɗawainiyar da mai shago a gari bai san da ita ba. Duk ma'aikacin da zai tsallaka shingen bincike sai an tantance shi an ba shi katin shaida, kuma duk buhun shinkafa da katan ɗin lemo sai ya bi ta na'urar bincike. Jiragen safe suna tashi da sassafe, wanda ke nufin ma'aikatanki za su baro Lugbe ko Kuje ko Gwagwalada tun kafin asuba, kuma motar da za ta kawo su a wuyanki take. Galibi ba a yarda da buɗaɗɗiyar wuta a cikin ɗakin jira, don haka girkin a wani kicin na waje za a yi shi, a kawo a riƙa ɗumamawa. Idan kika tara waɗannan za ki ga inda wani ɓangare na tsadar ruwan ya fito. Sauran kuwa, gaskiya, cin gajiyar wanda ba shi da zaɓi ne, musamman a ɓangaren ƙasashen waje, inda aka hana fasinja wucewa da abu mai ruwa da ya haura mililita 100 a mazubi ɗaya.

Game da abincin, ina jin tsoron tuwo da miyar kuka ba su ne za su riƙe ki a bayan shinge ba, duk da cewa su ne suka yi miki suna. Mutumin da ya sa farar shadda zai je taro a Legas, kunnensa na kan lasifika, abin da yake so shi ne wanda za a miƙo masa cikin minti biyar ya ci ba tare da ya wanke hannu ba. Masa da ɗan yaji, da shayi mai kyau, da fura da nono a rufaffen kofi, da dambun nama, da shinkafa a ƙaramin mazubi, waɗannan za su tafi. Kasuwar tuwonki tana waje, kafin shinge, inda direbobi da masu rakiya da ɗimbin ma'aikatan filin suke, tun daga jami'an kwastam da na shige da fice har zuwa masu ɗaukar kaya. Su ne ke cin abinci kullum, ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba, kuma hayar wajen ba ta kai ta ciki ba. Da ni ne ke, daga nan zan fara.

Hukumar kula da filayen jirage ta tarayya, FAAN, ita ce ke tafiyar da filin Abuja, kuma sashenta na kasuwanci ne ke ba da wuri. Ki je da takardar rajistar kamfani, da ta biyan haraji, da shaidar lafiyar masu girkinki, da lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ga duk abin da za ki ƙulla a leda ko kwalba. Ki guji wanda zai ce yana da wuri zai ba ki haya a kan haya, domin ranar da aka zo tantance masu shaguna, sunan da ke cikin takarda shi hukuma ta sani.

TAMBAYA: Ni ƙaramin jami'i ne a sashen kasuwanci na wani filin jirgin sama. An ce in rubuto shawara kan yadda za a ƙara kuɗin shiga daga kantuna da wuraren abinci, kuma ra'ayin da ya fi rinjaye a ofis shi ne a ƙara kuɗin haya, a kuma yanka sababbin rumfuna a duk inda aka ga sarari. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, amma na rasa hujjar da zan kawo. Daga wani mai karatu a Kubwa, Abuja.

AMSA: Malam, zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Ƙarin haya yana kawo kuɗi a shekarar farko, daga nan mai kanti ya ɗora shi a kan farashi, fasinja ya koyi cika cikinsa tun daga gida, ciniki ya ja baya, bashin haya ya taru, a wayi gari rabin rumfunan an ja musu ƙofa. Yawan rumfuna kuma ba ya ƙara yawan masu saye. Idan shaguna takwas suna sayar da biskit da lemo da cajar waya iri ɗaya, cinikin shago biyu ne suke rabawa, ga shi sun cinye wurin da ya kamata a sa kujeru.

Ma'aunin da za ka gina shawararka a kai shi ne abin da fasinja ɗaya ke kashewa, wato jimlar ciniki a raba da yawan masu tashi. A nan za ka ci karo da matsalar farko: idan haya zalla kuke karɓa, ba ku san abin da ake sayarwa a cikin gininku ba. Saboda haka shawarar farko ita ce kowane shago ya riƙa bi ta na'urar da ke fitar da rasit, wadda ofishinku ke ganin lissafinta, sannan sababbin yarjejeniyoyi su koma kan kaso tare da kuɗin dole mai sauƙi. Da zarar ribar hukuma ta rataya a kan cinikin mai kanti, za ka ga ofishinku da kansa ya fara damuwa da na'urar sanyaya ɗaki da ta lalace a gaban shagonsa.

Bayan haka sai ka san mutanenka. Ka ɗauki mako biyu da takarda da biro, ka ƙirga masu tashi awa bayan awa, ka duba minti nawa suke yi a layin auna kaya da layin bincike, da kuma minti nawa ke rage musu kafin a kira jirgi. Wannan ragowar lokacin shi ne jarin kasuwar filin jirgi gaba ɗaya. Mutumin da ke cikin fargabar kada jirgi ya bar shi ba ya ko kallon kanti, sai ya tsallake bincike, ya ga ƙofarsa, ya san saura minti arba'in, sannan hankalinsa ke kwanciya har ya tuna da tsarabar yara. Ke nan duk minti goma da aka rage a layi an mayar da shi kasuwa, kuma allon da ke nuna lokacin tashin jirage a cikin gidan abinci ya fi sabuwar rumfa amfani, domin rashinsa ne ke sa mutane su yi cirko-cirko a bakin ƙofa da yunwarsu. Wannan ne ma dalilin da ya sa filaye da yawa a duniya suke bi da hanyar fasinja ta tsakiyar babban kanti da zarar ya fito daga bincike, su kuma tara kujeru a tsakiya, kantuna da wuraren abinci na kewaye da su.

Na san za a kawo maka misalin Dubai a wurin taro, don haka ka riga su saninsa. Kantin kayan da aka yafe wa haraji na farko a filin jirgi an buɗe shi ne a Shanon ta ƙasar Ayilan a 1947, kuma wanda ya kawo dabarar, Brendan O'Regan, shi ne mai kula da harkar abinci a filin. Ya lura cewa jiragen da ke ƙetare tekun Atlantika suna tsayawa shan mai, fasinjojinsu na zaune ba abin yi. Na Dubai an buɗe shi a Disamban 1983 da taimakon mutanen Ayilan ɗin, ya yi cinikin dala miliyan 20 a cikakkiyar shekararsa ta farko, ya haura dala biliyan 2 a 2018. To amma Shanon da Dubai duk sun ginu ne a kan matafiyin da ya yada zango yana jiran wani jirgin na tsawon awanni. Abuja ba haka take ba. Mafi yawan fasinjojinta na cikin gida ne, masu tafiyar awa ɗaya, waɗanda ba su da hurumin sayen kayan da aka yafe wa haraji, kuma da yawansu sun saba da hanyar har ba sa zuwa da wuri. A irin wannan fili abinci da abin sha da ɗakin hutawa da wurin ajiye mota su ne ƙashin bayan ciniki.

A ɓangaren ƙasashen waje, inda sabon ginin da aka buɗe a Disamban 2018 ya samar da sarari, a duba abin da matafiyinmu ke saye da gaske. A ƙasashe da dama giya da taba suna cikin manyan abubuwan da ke riƙe irin waɗannan kantuna, amma jirgin da ya cika da masu Umra ba zai taɓa su ba, alhali zai sayi turare da carbi da takalmin wanka da maganin mura da layin waya. Haka kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023, turaren Faransa da agogon waje sun yi wa mai albashin naira nisa, kuma mai dala zai same su a Dubai ko Doha ko Istanbul idan ya sauka. Abin da ba zai samu a can ba shi ne jakar fata ta Kano, da rinin Ƙofar Mata, da hular zanna, da humra da turaren wuta na Barno, da tukwanen ado irin na Ushafa da Bwari. Sai dai a kula da kilishi, wanda kowa ke fara ambata idan ana zancen tsaraba: ya dace da ɓangaren cikin gida, amma Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga nan shiga da nama a kayansa, Amurka ma tana da tsanani a kai, kuma kantin da ya sayar wa mutum abin da za a ƙwace a hannunsa ya ɓata sunan filin baki ɗaya.

Kada ka manta da waɗanda ba su da tikiti. A al'adarmu ba a barin matafiyi ya tafi shi kaɗai, kuma alhaji ɗaya kan zo da mota biyu ta 'yan rakiya, ya dawo ya tarar da uku na jiransa. Tsarin gine-ginen da muka kwaikwayo bai yi tanadin waɗannan mutane ba, shi ya sa za ka gan su a tsaye cikin rana a wurin ajiye motoci. Rumfa mai inuwa da kujeru da banɗaki mai tsabta da masallaci kusa da mai shayi za ta mayar da su masu saye. Haka lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke jinkirta jirage: dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, sun ɗora wa kamfanin jirgi ya ba fasinja abin taɓawa idan jinkiri ya yi tsawo, don haka a ƙulla yarjejeniya tun kafin lokacin, kamfani ya raba takardar cin abinci, gidajen abincin filin su karɓa. A watan azumi kuma a tabbatar akwai wurin da ke buɗe da magariba, da dabino da kunu da ƙosai.

Batun farashi shi ne inda za ka sha gardama. Wasu filayen a Amurka da Turai sukan rubuta a cikin yarjejeniya cewa kada farashi ya wuce na cikin gari, ko kuma ya ɗara shi da ɗan kaso sananne. Ina ganin ko da ba a yi hakan ga komai ba, a yi shi ga ruwa da shayi da abinci mai sauƙi guda biyu ko uku, a kuma tilasta manna farashi a inda kowa zai gani. Wanda ya sayi ruwa a kan kuɗin da bai ji an cuce shi ba, shi ne zai ƙara da wani abu. Sannan a ba da wurare ta hanyar tallatawa a fili, na shekarun da za su ishi mai kanti ya mayar da abin da ya kashe wajen gyara, domin wanda aka ba shekara ɗaya ba zai sa tayil ba, balle ya horar da ma'aikata.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, filin jirginmu na Yakubu Gowon da ke Heipang jiragensa ba su da yawa a yini. Shin irin wannan ƙaramin fili yana da abin da zai samu a harkar kantuna, ko kuwa sai manya? Daga wani mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Alhaji, yana da shi, muddin an ɗinka rigar daidai da jikin. Inda jirage ba su da yawa, fasinjoji sukan taru ne na awa ɗaya ko biyu, daga nan wurin ya yi tsit, don haka jere shaguna masu hayar shekara hanyar tara bashi ce. Abin da ya fi dacewa shi ne wurin shayi da abinci guda ɗaya mai kyau, wanda sanyin Jos da kansa zai yi masa talla, da kuma kantin tsaraba guda ɗaya, dukkansu a kan kaso ba tare da kuɗin dole mai nauyi ba.

Inda Jos ta fi Abuja shi ne tana da abin da baƙo ke son tafiya da shi. Mahalarta kwas a cibiyar nazarin manufofi da ke Kuru, da baƙin cibiyar binciken dabbobi ta Vom, da masu zuwa Jami'ar Jos ko hutun Kirsimeti, kusan kowa yakan so ya koma da dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, ko acca, ko sitiroberi, ko karas da kabeji. A yanzu a kasuwa ko a bakin hanya suke saye, cikin buhu ko ledar da ba ta jure jifar masu lodin kaya. Ƙungiyar manoma da za ta ƙulla waɗannan a kwali mai ƙarfi na kilo biyu ko biyar, a rubuta nauyin a jiki domin fasinja ya san ko zai haura abin da tikitinsa ya ba shi, ta kuma karɓi oda ta waya tun kwana ɗaya kafin tafiya, za ta yi ciniki da ɗan teburi da firiji. Sai dai a ajiye teburin kafin wurin auna kaya, domin wanda ya riga ya miƙa jakarsa ba shi da inda zai sa kwalin dankali.

An daɗe ana maganar mayar da Heipang cibiyar jigilar kayan gona ta sama, kuma idan hakan ya tabbata, hayar ɗakunan sanyi da rumbunan ajiya za ta fi ta kantuna nesa ba kusa ba. Kafin nan, ku da ke kusa kuna iya haɗa kan manoma biyar ko shida, ku rubuta wa manajan filin takardar neman gwajin wata uku a kan kaso, ku fara daga watan Disamba, lokacin da baƙi suka fi yawa kuma sitiroberi ya fara nuna.